Neman Iwana a Saman Matakalar Biri

Yayata Chizuru ce ke riƙe da sansanin da ke bakin ƙoramar Oshide tun rasuwar mahaifinmu. Fili ne a ƙarƙashin itatuwa mai cin tanti ashirin da biyu, da rumfar wanke-wanke, da ɗan shagon da take sayar da gawayi da gishiri da takardar izinin kamun kifi. Ni kuwa tun ina ɗan shekara goma sha takwas na bar kwarin, na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa jirgin ƙasa, na yi ritaya da gwiwa ɗaya mai ciwo. Sau biyu nake zuwa a shekara, in share kabarin iyayenmu, in ci girkinta, in koma birni.

Wata kaka guguwa ta sauke ruwan kwana biyu a kan tsaunukanmu. Gefen dutse ya zaftare, laka da tsakuwa suka gangaro suka cike duk wani gurbi mai zurfi da kifi ke fakewa a ciki. Sansanin ya tsira, gadar katako ce kawai ruwa ya tafi da ita. Da sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke, aka buɗe kamun kifi, masu fatsa suka zo daga birni kamar yadda suka saba. Suka kafa tantuna, suka wuni suna jefa ƙugiya, babu wanda ya ga ko inuwar iwana, kifin ruwan sanyi da ake zuwa kwarinmu dominsa. Wata guda aka yi a haka.

Shugaban ƙungiyar masuntan kwarin shi ne Tokuji Momose. Ajinsu ɗaya da Yaya a firamare, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Shi ya kira taro, ya kawo shawarar a sayo kifin kiwo mota guda a zuba daga ƙasan kwarin har sama da sansanin. Kowa ya amince sai Yaya. Ta ce iwanan Oshide ba irin na kowa ba ne, cikinsa ruwan goro ne, ɗigon jikinsa ƙanana, kuma in aka zuba masa na kiwo suka haɗa iri, nan da shekara biyar ba wanda zai sake ganin na asali. Tokuji ya ce wanda ake gudun a gauraya ai laka ta riga ta binne shi. Yaya ta ce bai mutu ba, yana nan a ƙoramar hagu, a saman Matakalar Biri. Aka ba ta kwana goma kafin motar kifin ta zo.

A ranar ta buga mini waya. Ba ta tambaye ni ko ina da wani abin yi ba.

"Noboru, ka zo ran Talata da takalmin da ba ya santsi. Kwana biyu za mu yi a sama."

Na tuna mata da gwiwata. Ta ce gwiwar ma ta zo.

Da na iso ran Talata da sassafe, sai na tarar da Tokuji zaune a kan bencin shagon, jakarsa a baya, sandar fatsa a hannu. Ya ce ba don yana tsammanin kifi zai bi mu ba, so yake ya ga fuskar Chizuru idan ta tarar babu komai, domin shekara sittin ke nan yana jiran ranar da za ta ce ta yi kuskure. Yaya ta miƙa masa tukunya da buhun shinkafa ta ce tunda kallo ya zo yi, sai ya biya kuɗin kallon da bayansa. Ni aka ba ni tantin. Su biyun shekararsu sittin da tara-tara, ni sittin da biyu, don haka ni ne ƙarami, ni ne kuma mai ɗaukar nauyi.

Mun bi ƙoramar awa uku, wani wuri a gefe, wani wuri a cikin ruwa. Ban gane ta ba. Inda na san gurbi mai zurfi da muke tsalle a ciki muna yara, yanzu tsakuwa ce fara fat, ruwan na bi ta kanta bai kai idon sawu ba. Wajen hantsi muka iso Matakalar Biri, inda ruwan ke faɗowa daga kan dutse, tsayin bene hawa uku. Hanyar zagayawa tana gefen dama, ana kama saiwoyi ana hawa. Yaya ta hau farko da igiya a kafaɗa, ta ɗaure ta a gindin wata bishiya ta jefo mana. Tokuji ya hau yana haki yana zagin wanda ya fara gano wannan hanya. Ni na hau na ƙarshe, ban kalli ƙasa ba ko sau ɗaya.

Daga saman nan ƙoramar ta rabu biyu. Muka kama ta hagu, ba mu yi tafiyar rabin awa ba muka ga daga inda zaftarewar ta faro. Gefen tsaunin gaba ɗaya ya sauko. Manyan itatuwa sun kwanta a kan juna, saiwoyinsu a sama, ruwan na ratsawa ta ƙarƙashinsu ja-ja da ƙasa. Na kalli Tokuji ina jiran dariyarsa, amma bai yi ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a nan mahaifinsa ya koya masa ɗaura ƙugiya.

Duk da haka Yaya ta zaro sandarta, ta ɗaura ƙugiyar da ta naɗe da baƙin zare da gashin zakara ta yi kama da ƙwaro, ta shiga jefawa. Tokuji ma ya zaro tasa. Suka bi duk wani ɗan lungu da ruwa ya taru har rana ta karkata. Ko taɓawa ba a yi ba.

Muka kafa tanti a wani ɗan tudu nesa da ruwa, tun da sauran haske. Na haɗa wuta, Yaya ta ɗora shinkafa da miyar miso ta waken suya. Tokuji ya buɗe jakarsa a hankali, ya fito da kifin gwangwani guda uku ya jera su a kan dutse.

"Ga kifin da na tabbata akwai shi a saman nan," in ji shi. "Chizuru, in buɗe miki, ko za ki jira naki?"

"Buɗe mana, Shugaba. Ai ka sha wahalar kama shi."

Ta cinye nata tas, ta zuba romon a kan shinkafa, ta ce gishiri ya yi masa yawa.

Da muka sauka bakin ruwa wanke tukunya, ni da ita kaɗai, na tambaye ta me za ta yi in aka wayi gari babu kifin. Ta ce a kan wurin ta yi kuskure, ba a kan kifin ba. Kafin laka ta sauko ruwa yakan canja, kifi kuma yana ji tun kafin mutum ya gani, sai ya nemi duk wata 'yar kafa ya shige. Ta ce ɗazu muna tahowa, kusa da inda ƙoramar ta rabu, ƙafarta ta hagu ta ji sanyin da ta dama ba ta ji ba. Akwai ruwan marmaro da ke shigowa ta wurin. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun ɗazu. Ta ce ta fara cewa ƙoramar hagu a gaban mutane, dole ta bi ta har ƙarshe ta gani da idonta, kuma gara Tokuji ya samu yini ɗaya na jin daɗi a rayuwarsa.

Gari na wayewa ta tashe mu. Ta dunƙula sauran shinkafar jiya da gishiri ta raba mana, muka bar tantin a kafe muka koma baya. A wurin da ta ce, ni ban ga komai ba sai wata ƙatuwar bishiya da ta faɗi, ciyawa ta rufe ta. Yaya ta tsugunna ta sa hannu a ruwa, ta matsa gaba kaɗan ta sake sawa, sannan ta kwanta rub da ciki ta shige ƙarƙashin bishiyar. Muka ji muryarta daga can tana cewa mu shigo, mu kuma yi shiru.

A bayan bishiyar akwai wata 'yar ƙorama da faɗinta bai wuce tabarma ba, tana gangarowa daga wani tsagin dutse, garau, kana ganin kowace tsakuwa. Gansakuka kore shar a kan duwatsun, alamar laka ba ta taɓa wurin ba. Tokuji ya yi ƙasa da murya ya ce shekara hamsin yana yawo a tsaunin nan bai san da ita ba. Yaya ta ce ita ma.

Rassa sun rufe sama, babu wurin wurga zare. Yaya ta rage tsayin sandarta, ta danne ƙayar ƙugiyar da 'yar filaya don kada ta yi wa kifi rauni, ta rarrafa a kan gwiwa har kusa da wani gurbi da bai fi bahon wanka ba. Ta kama ƙugiyar da yatsu biyu, ta ja har sandar ta lanƙwashe kamar baka, ta saki. Ƙwaron ya sauka a gindin kumfa, ya taho a hankali. Wani baƙin abu ya fito daga ƙarƙashin dutse ya haɗiye shi.

Ba babba ba ne, bai fi tsayin tafin hannuna da rabi ba. Ta jawo shi cikin 'yar komarta ba tare da ta fitar da shi daga ruwa ba, ta juya shi. Cikinsa ruwan goro, ɗigon jikinsa ƙanana. Tokuji ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya jiƙa hannuwansa har suka yi sanyi kafin ya karɓe shi, ya riƙe shi a cikin ruwa yana kallo.

"Na gida ne," ya ce.

Yaya ta matso kusa da shi. Ta zare ƙugiyar, ta taɓa hannunsa, ya buɗe yatsu, kifin ya koma ƙarƙashin dutsensa.

Muka ci gaba da hawa, gurbi bayan gurbi. Tokuji ya kama biyu. Sannan Yaya ta miƙo mini sandarta. Na ce rabona da fatsa tun ina makaranta. Ta ce mutumin da ya iya tsayar da jirgi mai tarago goma daidai kan layin fenti ba zai kasa ajiye ƙwaro a cikin baho ba. Jifa na farko ya maƙale a reshe, na biyu a hular Tokuji, wanda ya ce in shi nake son kamawa ai ba sai mun hawo dutse ba. A na uku na ji an fizgi zaren, fizga ɗaya mai ƙarfi da ta bi sandar har kafaɗata. Na jawo shi ina dariya ni kaɗai kamar wawa.

Bayan nan Yaya ta ce fatsa ta isa haka, mu naɗe, mu bi da ido kawai. Muka riƙa leƙa kowane gurbi daga bayan dutse muna ƙirgawa. Manya talatin da ɗaya muka gani kafin ƙoramar ta ƙare a bakin marmaro. A gefe-gefe kuma, inda ruwa ba ya gudu, ga 'ya'yan kifi kamar allurai suna tsaye cikin ruwa. Na bana ne, ma'ana iyayen sun zuba ƙwai bayan guguwar.

A kan wani faffaɗan dutse muka zauna cin curin shinkafa, a nan kuma aka yi ainihin taron. Tokuji ya ce ya yarda kifin yana nan, amma kifi talatin ba za su riƙe kwari ba. Mai masauki da mai shagon taliya da mai gidan mai duk da masu fatsa suke rayuwa, kuma ba zai koma ya ce musu su jira ba. Na zaci Yaya za ta yi masa ca. Sai ta ce gaskiyarsa ne. Ta tuna masa da madatsar simintin da aka gina ƙasa da sansanin don tare tsakuwa, wadda tsayinta ya fi ƙarfin tsallen kowane kifi. A zuba na kiwo daga madatsar zuwa ƙasa, kowa ya kama ya gasa. Daga madatsar zuwa sama a rufe kamun kifi shekara uku. Waɗannan da muka gani in sun yi yawa da kansu za su bi ruwan sama su gangaro, abin da ya rage namu shi ne mu tono musu gurabe, mu jera duwatsu da gungume su samu wurin fakewa.

Tokuji ya daina tauna.

"Chizuru, sansaninki fa yana sama da madatsar."

"Na san inda sansanina yake."

"Mutanen nan don su jefa ƙugiya daga bakin tanti suke zuwa. Shekara uku ba kwana uku ba ce."

"Suna da ƙafafu, su taka zuwa madatsar. Wanda ba zai iya tafiyar minti goma sha biyar don kifi ba, dama ba kifi ya kawo shi ba."

Ya tambaye ta wa zai yi aikin jera duwatsun, tunda duk ƙungiyar babu wanda bai haura sittin da biyar ba. Su biyun suka juyo suka kalle ni a tare. Iya sanina wannan ne karo na farko da suka yarda da juna ba tare da gardama ba.

Muka koma muka naɗe tantin, muka kama hanyar gida. A hanyar saukowa gwiwata ta ƙi. Muna sauka daga Matakalar Biri na ji kamar an soka mini ƙusa, na zauna a kan dutse na kasa tashi. Yaya ta duba ta ce ba karaya ba ce, ta naɗe ta da tawul ɗin da ke wuyanta, ta sare mini sanda. Tokuji ya ɗauki tantin ya ɗora a kan kayansa, yana mita cewa an kawo ɗan dako ga shi an koma ana yi masa dako. Tafiyar awa uku ta zama ta biyar, amma mun iso da sauran rana.

A taron da aka yi bayan kwana biyu, Tokuji ya miƙe ya zayyana shawarar madatsar tiryan-tiryan, kamar a kansa ta tsiro. Na kalli Yaya. Tana zaune a baya tana ɓare gyaɗa, ta bari har ya gama, ta riga kowa ɗaga hannu. Da muka fito na tambaye ta, sai ta ce in daga bakinta ta fito sai an yi wata guda ana jayayya, daga bakin Shugaba kuwa minti goma ya isa.

Shekarar farko rabin filin ya zauna babu tanti. Wasu tsofaffin baƙinta suka koma wani kwarin, ɗaya ma ya rubuto mata doguwar wasiƙar ƙorafi. Ta amsa masa da kati mai layi biyu, ta faɗa masa ranar da za a sake buɗewa. Ta gyara tsofaffin kekuna huɗu tana ara wa masu zuwa madatsar, da yamma kuma ta hura gawayi a dogon murhu kowa ya kawo abin da ya kama a soke a tsinke a barbaɗa gishiri. Ni kuma da gwiwar ta lafa na dawo da niyyar mako biyu. Ni da Tokuji da wasu tsofaffi uku muka riƙa tura duwatsu da ƙarfen ɓamɓare, muna tsayawa shan shayi fiye da yadda muke aiki. Mako biyun ya zama damina guda, daga baya na kwaso kayana daga birni na tare a ɗakin bayan shago.

A kaka ta biyu, ganye ya fara ja, wata mata da suka kafa tanti a bakin ruwa ita da mijinta ta shigo shago da kofuna a hannu. Ta ce ta je ɗauraye su sai ta ga wasu kifaye biyu suna faɗa a wuri marar zurfi, ɗaya na ta bugun tsakuwa da wutsiya. Yaya ta ajiye buhun gawayin da ke hannunta ta bi ta, ni ma na bi su. Ta tsugunna daga nesa ta duba, sannan ta gaya wa matar cewa ba faɗa suke yi ba, macen ce ke tona wurin zuba ƙwai.

Ta aike ni in ɗauko igiya da turaku mu kewaye wurin, ta kuma roƙi ma'auratan su matsar da tantinsu can sama kusa da rumfa. Mijin ya fara bayanin cewa awa guda ya ɓata kafin ya kafa shi daidai, amma kafin ya kai ƙarshen maganar Yaya ta riga ta zare turaku biyu tana tambayarsa wane gefe zai kama. Matar ta kama ɗaya gefen tana dariya, shi ma dole ya kama.

Na buga wa Tokuji waya. Ko minti goma ba a yi ba sai ga 'yar motarsa ta kaya, ya fito da silifas ɗin cikin gida. Suka tsugunna shi da Yaya a bayan igiyar, kafaɗa da kafaɗa, suna magana ƙasa-ƙasa don kada su firgita kifin. Shi ya ce gurbin da ya tona da hannunsa a watan bakwai ne ya jawo su. Ita ta ce gurbin nasa ko kwaɗo ba zai kwana a ciki ba. Na bar su a nan na tafi taya baƙin kafa tanti.